Maƙogwaron Bindigar Malik Sherdil

A kasuwarmu ta Darra kowa da abin da ya iya. Wani bututun bindiga yake yi, wani kunama, wani zane. Ni ƙota nake sassaƙawa, sana'ar da ubana ya bar mini ke nan. Shi kuwa Zarwali, mijin ƙanwata Bakhtawara, aikinsa buga sunayen ƙasashe a jikin bindigogin da aka ƙera a layinmu. In ka ce Ingila kake so, ya buga maka Ingila. In ka ce Italiya, ya buga Italiya. Bai iya karanta ko ɗaya ba, shi ya sa har gobe akwai bindigogi masu yawa da ke yawo a duwatsun nan da sunan Italiya a kife.

Abin da ya lalata shi wata bakwai ne da ya yi a Dubai yana gadin wani shagon kayan farauta. Tun da ya dawo babu sauran maƙeri a duniya sai shi. Kullum da hantsi zai zo rumfar Janbaz mai shayi, ya haye gadon igiya, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya ce, "Mu a Dubai..." Sai ka ga mutane suna kurɓe shayi da zafinsa suna tashi.

Wata ranar Laraba Malik Sherdil ya shigo kasuwa, 'ya'yansa biyu a bayansa, bindiga mai baki biyu a naɗe cikin mayafi. Malik dattijo ne, ya haura saba'in, shi ne babban danginsu, kuma ba ya maimaita magana. Bindigar ta kakansa ce, kowa ya san ta. Saura kwana goma a ɗauko wa autansa amarya daga ƙauyen Haji Torbaz da ke bayan dutse, kuma mutanen can ba sa sakin amarya sai dangin ango sun fasa tulun da suka rataye a gefen tsauni. A gidan Malik kuwa, uban ango ne ke yin harbin, da wannan bindigar, tun zamanin kakansa.

Matsalar ita ce bindigar tana shuri kamar alfadari. Harbin makwarwa da ya yi da ita bara, wata guda ya yi ba ya iya ɗaga hannu ya yi kabbara. Sai wani abokinsa a Peshawar ya ce masa a tsawaita mata maƙogwaro, za ta yi laushi.

Wurin Ustad Nauroz ya nufa, wanda duk Darra babu wanda ya kai shi sanin bututu. Shagonsa yana kallon rumfar shayi, don haka duk muna ji. Ustad ya buɗe bindigar ta mahaɗinta, ya ɗaga ta saitin rana, ya leƙa, ya ƙwanƙwasa da farce.

Ya ce, "Malik Sahib, ka ga nan, gaban inda harsashi yake zama, inda ramin ya tsuke? Shi ne maƙogwaron. In an sassaƙe shi ya yi tsawo, dalma za ta zame a hankali, shurin ya ɗan ragu. Gaskiya abokinka ya faɗa. Amma ƙarfen nan ya tsufa kamar ni da kai. In na ci masa ko kaurin farce, takarda zai zama. Ba zan taɓa ba. Ka sa ɗan matashi a kafaɗa ka yi harbinka."

Malik ya ce, "Matashi? A gaban mutanen Torbaz? In tsaya da matashin kai kamar mai jego?"

Ya naɗe bindigarsa ya juyo. Kafin ya yi taku uku Zarwali ya diro daga gadon igiya, takalmi ɗaya a ƙafa.

"Malik Sahib, kada ka ga laifin Ustad. Tsufa ne. Hannu na rawa, ido ya yi hazo. Mu a Dubai wannan aikin kafin shayi ya huce mun gama. Su nan in sun yi ƙoƙari su ƙara tsawon yatsa ɗaya. Ni taƙi guda zan ƙara maka. In ka harba, ba shuri za ta yi ba, shafa maka kafaɗa za ta yi kamar matar kirki."

Na taka masa ƙafa. Ya ce, "Lala," wato yaya, "ɗaga, kana taka ni," ya ci gaba da zuba.

Malik ya dube shi tun daga sama har ƙasa. Ina jin da ba don maganar matashin nan ta tsaya masa a rai ba, da bai ko saurare shi ba. Ya miƙa masa bindigar, ya ce, "Ta kakana ce." Iyakar abin da ya ce ke nan.

Abu na farko, Zarwali ba shi da ƙarfen da ake sassaƙar. Ya tsallaka titi.

"Ustad, ɗan ara mini naka mana."

"Ba ka zo da na Dubai ba?"

"Yana hanya. Ta jirgin ruwa na aiko shi."

"Shekara shida?"

"Teku ce, Ustad."

"To jira shi."

Sai ya samo wani tsohon magagari, ya wasa shi ya yi tsini kamar karas, ya shige shago ya ja ƙofa. A Darra ba a rufe ƙofar shago da rana, don haka duk layi ya zuba kunne. Kwana uku ba abin da muke ji sai ƙarar ƙarfe, da Zarwali yana waƙa.

Rana ta uku Bakhtawara ta ba ni gurasa da miyar wake in kai masa. Na tura ƙofa. Janbaz ya biyo ni, wai ya zo kwashe kofuna. Muka tarar da shi ya danne bindigar da ƙafafu biyu, gumi na zuba, yana murza magagarin a bakinta, can gaba inda dalma take fita. Bakin dama ya riga ya buɗe kamar na algaita.

Na ce, "Zarwali, me kake yi a nan?"

"Maƙogwaro nake tsawaitawa, ba ka gani?"

"Maƙogwaro ai a baya yake, wajen harsashi! Ba a gabanka Ustad ya nuna ba?"

Ya ajiye magagari, ya dube ni da tausayi. "Lala, kai naka maƙogwaron ina yake? Kusa da baki, ko kusa da mazaunai?"

Janbaz bai ko ɗauki kofunan ba, ya fice da labarin. Kafin la'asar, duk inda Zarwali ya bi sai ka ga ƙato ya yi tari ya dafe bayansa yana cewa, "Wayyo maƙogwarona!" Mai nama ya yi, mai gyaran taya ya yi, har limamin layinmu sai da ya juya wa jama'a baya kafaɗunsa na rawa.

Zarwali ya tsaya tsakiyar titi ya ce, "Jahilci dai bai yi ba. Sabon salo ne. Ta baki ake farawa, sannan a biyo ta baya, su haɗu a tsakiya."

Washegari ya biyo ta bayan. Ya zura magagarin, ya murza, ya ƙara da guduma. Magagari ya shige ya ƙi fita. Ya ja, ya girgiza, ya zage shi, ya roƙe shi. Ya tafi gida ya kwaso man shanun da Bakhtawara ta ajiye don azumi, ya ɗura rabin kwano a ciki. Ta biyo shi har bakin layi, ta tsaya daga cikin mayafinta tana cewa, "Bindigar za ka soya? In ta nuna ka aiko mini da tawa!"

Da mai bai yi ba, sai ya ɗaure bindigar a ginshiƙin rumfar shagonsa, ya ɗaura igiya a kan magagarin, ya ƙulla ɗaya ƙarshen a babur ɗin Janbaz.

"In na ce ja, ka ja a hankali."

"Hankalin Dubai ko na nan?"

"Ja kawai!"

Janbaz ya murza. Magagari bai motsa ba, amma ginshiƙi ya taso, rumfa ta sauko gaba ɗayanta a kan Zarwali. Muna ɗaga kwanon rufin muka same shi zaune cikin ƙura, magagarin a cinyarsa, ya fito da kansa.

Ya ɗaga shi sama, ya ce, "Kun gani? Dabara ce."

Saura bututun hagu. Ya ce aikin hannu na mutanen da ne, wannan da inji zai yi. Ya aro injin huji, ya ɗaura magagarin a bakinsa, ya zura, ya kunna, sai aka ɗauke wuta. Ya bar komai yadda yake ya tafi shan shayi, ya yi mana awa biyu yana bayanin yadda a Dubai ba a ɗauke wuta. Da ya koma, ya tsuguna a kan bindigar yana leƙe, sai wuta ta dawo. Mun ji ƙara, mun ji ihu. Injin ya ci ƙarfe iya son ransa, ya haɗa da mazagin wandon Zarwali ya naɗe shi tas. Ya fito titi da gudu, hannu biyu riƙe da wando, inji na bin sa a ƙasa yana tsalle.

Ustad Nauroz yana zaune a ƙofar shagonsa, ya ɗan ɗaga kai ya ce, "A wannan matakin ne ake cire wando, ko kai ne ka yi sauri?"

Yanzu saura bakin algaita. Ko Zarwali ya san ba zai kai wa Malik ita a haka ba. Ya ɗauko zarto, ya ce ɗan gefe zai rage. Ya yanka, ya karkace. Ya sake yanka don ya daidaita, ya karkace ta ɗaya gefen. Sau biyar. Da na shiga na ga guntayen bututu a zube kamar an yanka rake, sai na zauna a ƙasa.

Na ce, "Tashi mu je wurin Malik yanzu, kafin ranar. Ka faɗa masa gaskiya. Ni zan yi maka rakiya, in an fara duka ni zan riƙe maka hula."

Bakhtawara ma da ta ji ta ce masa, "Ka je, Zarwali. Ni fa ban shirya takaba ba, ko baƙin mayafi mai kyau ba ni da shi."

Ya ce, "Ku duka ba ku san aiki ba. Bindigar nan yanzu ta fi sauƙin ɗauka."

A garinmu duk wanda ya gama bindiga, fitowa yake bakin shago ya ɗaga ta sama ya gwada, ba wanda yake ko waiwayowa. Amma a kwanakin nan, da Zarwali ya taɓa tasa sai ka ji maƙwabta suna sauke ƙofofi. Bai gwada ba. Ya ce gwaji na masu shakka ne. Ya goge ta da man takalmi, ya naɗe ta cikin ƙyalle mai sheƙi. Sau biyu Malik yana aikowa, yana cewa ƙarfen yana hutawa, sai ranar biki.

Ranar ta zo. Muka cika motoci muka haura dutse. Filin ƙauyen Haji Torbaz ya cika maƙil, makaɗa na kiɗa, ƙamshin shinkafa da naman rago ya cika wuri, mata sun hau rufin gidaje. Can gefen tsauni tulu ne a rataye, an shafa masa farar ƙasa. Haji Torbaz, kawun amarya, yana zaune da rawaninsa mai jela, shi da Malik sun shekara hamsin suna yi wa juna dariyar mugunta.

Zarwali ya ratso taron yana ɗauke da ƙunshin a hannu biyu kamar jariri. Malik ya warware. Makaɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Malik ya juya ta, ya sake juyawa, ya leƙa cikin ƙyallen. Ya ce, "Zarwali, ina sauran?"

"Sauran me, Malik Sahib?"

"Bindigar."

"Ai tsawon ciki ya koma. Ka ce a tsawaita maƙogwaro, daga ina zan samo tsawon? Na waje na ɗiba na zuba a ciki. Ba abin da ya ɓata, duk yana nan."

Haji Torbaz ya leƙo, ya ce da ƙarfi don na kan rufi su ji, "Sherdil, wannan ce ta kakan naka, ko ƙaramar 'yarta ce ta zo wakilci?"

Fili ya ɗauki dariya. Malik bai yi ba. Ya miƙa wa Zarwali bindigar.

"Kai ka gyara. Kai za ka fara."

"Malik Sahib, ai ni ba dangin ango ba ne."

"Yau na sa ka."

"Idona na dama tun jiya yake ruwa."

"Rufe shi."

"Ba ni ma da alwala."

'Ya'yan Malik huɗu suka matso, biyu ta dama biyu ta hagu. Ustad Nauroz ya fito daga cikin jama'a, ya karɓi harsasai biyun da za a sa, ya koma gefe ya buɗe su, ya zubar da fiye da rabin albarushin, ya mayar ya rufe. Da zai ba Zarwali ya ce a hankali, "Ba don kai ba. Don Bakhtawara." Sannan ya ɗaga murya ya ce kowa ya ja da baya, shi kuma ya zaga bayan wani dutse ya tsuguna.

Zarwali ya tsaya shi kaɗai a fili. Duk da haka bakin bai mutu ba. Ya ce, "Ku kalla da kyau, ba kullum ake gani ba." Ya rufe ido biyun duka, ya ja kunama.

Baki biyun suka tashi tare. Bututun hagu ya dare kamar ɓawon ayaba. Zarwali ya bar ƙasa, ya yi baya, ya faɗa zaune cikin babban bahon nonon da aka dama wa baƙi. Dalma kuwa ta watsu ko'ina kamar an watsa wa kaji tsaba. Ta huda fatar babbar ganga, ta kashe lasifikar da aka rataye a bishiya, ta yanke jelar rawanin Haji Torbaz. Allah ya kiyaye, ba ta taɓa jikin kowa ba. Tulu ko girgiza bai yi ba.

Da hayaƙi ya washe, Zarwali ya ɗago daga cikin nono, fari fat, ya ce, "Malik Sahib, ka dai gani da idonka. Ko kusa ba ta taɓa kafaɗa ba."

"Ina ta taɓa?"

Ya tofo haƙori biyu a tafin hannunsa.

Matan kan rufi suka ɗauki waƙa nan take, wai dangin ango sun zo da bindiga sun harbi nono. Haji Torbaz ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Amarya dai ba za ta fito ba sai tulu ya fashe, kuma dokar ita ce uban ango ne zai fasa. Torbaz ya aika aka ɗauko tasa bindigar, ya miƙa wa Malik da hannu biyu, ya ce, "Ara, ɗan'uwa. Tawa ba ta je Dubai ba." Malik ya karɓa, ya ɗora a kafaɗa ba matashi, ya tarwatsa tulun da harbi ɗaya. Amma ya fasa shi da bindigar aro, a gaban surukai, kuma ya san jikokin jikokinsu za su ji labarin. Ya tsinci guntun bindigar kakansa, ya naɗe da kansa. Bai ce wa Zarwali komai ba. Wannan shirun ne ya hana gidanmu cin abinci kwana uku.

Dattawa suka ce hanya ɗaya ce, irin ta iyaye. Zarwali zai je zauren Malik da rago, da dattawan layi, da ciyawa a baki, alamar ya zo a matsayin dabbar mai gida, a yanka ko a yafe. Kuma ba ya cire ciyawar sai mai gida ya ce ya yafe. Ragon na Bakhtawara ne. Ita da kanta ta yanko ciyawar, ta zaɓo mai kauri, ta cusa masa da hannunta.

Muka isa da hantsi. Zarwali ya durƙusa tsakiyar zaure, rago a ɗaure a gefensa. Liman ya yi jawabi, Ustad Nauroz ya sa baki, ni ma na ce abin da ya sawwaƙa. Muka zuba wa Malik ido.

Malik ya dubi Zarwali. Ya saurara, ko "Mu a Dubai" ɗaya bai ji ba. Sai na ga fuskarsa ta saki, karo na farko tun ranar biki. Ya ce, "A kawo shayi."

Aka sha shayi. Ya tambayi liman labarin ruwan bana. Ya tambayi Ustad ciwon gwiwarsa. Aka kawo gurasa da gasasshen nama. Janbaz ya fara ba da labari, ya kai shi har ƙarshe ba wanda ya katse shi, shi kansa sai da ya yi mamaki. Duk lokacin da liman ya ce, "To, Malik Sahib, maganar yafiya," sai Malik ya ɗaga hannu ya ce, "Tukuna. Ina tunani." Zarwali yana durƙushe, yawu na bin gemu, idanu sun firfito, magana ta cika masa ciki ba hanyar fita.

Ba wanda ya lura da ragon. Ya matso a hankali, ya kama ƙarshen ciyawar ya fara ci. Ya ci, ya ci, har ya kai leɓe, ya fizge ragowar.

Zarwali ya ja dogon numfashi. Ya ɗaga kai ya dubi bango, inda wata doguwar bindiga take rataye.

Ya ce, "Malik Sahib, tun ɗazu nake kallon waccan. Kamar ta ɗan karkace. Mu a Dubai..."

'Ya'yan Malik huɗu suka miƙe tsaye. Malik ya yi musu alama su zauna.

Ya ce, "Na yafe masa, ku shaida. Amma a fitar da ragon nan waje a ɗaure shi da nisa. Sannan a ƙaro ciyawa."